Darasi: Rubuta Wasiyya da Ajiye Ta a Kotu

'Yan'uwa, a ziyarce-ziyarcenmu cikin ikilisiyoyin Sharabi da kewayen Bagudo, kukan da muka fi ji daga gwauraye shi ne na gona. Maigida ya faɗa da baki cewa fadama ta matarsa ce da yaranta, amma bayan jana'iza dattawan da suka ji sai kowa ya tuna abin daban. Mace ta rasa miji, ta kuma rasa wurin noman shinkafa.

Wasu na tsoron cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Ku duba Ishaya sura 38: an ce wa Sarki Hezekiya ya shirya gidansa, ya kuwa ƙara shekara 15 a duniya.

Dole mai wasiyya ya zama babba mai cikakken hankali, ba wanda ya tilasta shi. A rubuta dukiyar dalla-dalla, gona da iyakokinta, shanu, kwalekwale, da sunan wanda zai karɓi kowanne. Ya sa hannu a gaban shaidu 2 da suke tare a lokaci guda, su ma su sa nasu a gabansa. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da harshen da yake ji, a rubuta cewa an yi haka, ya dangwala yatsa.

A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Wanda aka ba wani abu cikin wasiyya, ko matarsa ko mijinta, kada ya zama shaida, domin zai iya rasa rabonsa. Fasto ko malamin makaranta wanda ba ya cikin magada ya fi dacewa. A kuma naɗa amintattu biyu masu zartar da wasiyyar. Gonar gandu kuwa ta dangi ce duka, mutum ɗaya ba ya iya bayar da ita. Kada a manta da 'ya'ya mata: a 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar da ke hana su gadon uba.

Takardar da aka ɓoye a akwati, gara ko ambaliya ko ɗan'uwa mai kwaɗayi na iya gamawa da ita. Shi ya sa muke ba da shawara a nemi lauya ya duba ta, a rufe ta cikin ambulan, a kai ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun Jiha a Birnin Kebbi. Ana biyan kuɗi, a karɓi rasit. Bayan rasuwa, a can ake buɗe ta gaban iyali. Mai wasiyya yana iya canza ta muddin yana da rai.

Masu gona a ƙetaren iyaka su lura: ƙasar da ke Jamhuriyar Benin, dokar Benin ce ke hukunci a kanta, sai a nemi shawara a can ma.

Don tattaunawa a zumuntar maza da ta mata: su wa cikin ikilisiyarmu za su iya zama shaidu?