Kafin Ruwan Agusta: Shawara Ga Mutanen Funtua da Malumfashi

Ruwan da ke rusa katangunmu duk damina, mu muka hana shi wurin shiga. Mun shafe tsakar gida da siminti, mun cike kududdufai mun yi gini, kwata kuma ta toshe da leda.

Maigida, idan za ka yi daɓe, ka bar gefe guda na ƙasa. Inda indararo ke zuba, ka ja ruwan zuwa rami mai zurfin gwiwa, nesa da katanga da rijiya da masai. Ka zuba tsakuwa da yashi, ka dasa ciyawa a bakinsa. Ruwan rufi zai nutse a nan maimakon ya malala titi.

Ga zaizayar ƙasa kuwa, ban ga kamar jema ba. Saiwarta kan nutsa fiye da mita 2, ta riƙe ƙasa gam. A dasa ta layi-layi, taƙi guda tsakani, a bakin kwazazzabo da gefen gonar masara ko auduga, tun farkon damina. Gamba ma tana taimakawa.

Kogin Sakkwato daga wajajen Funtua ya taso, ga madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da jama'a suka dogara da su. Don Allah manoma, a daina wanke tankin feshi a rafi, a kuma bar ciyawa tsakanin gona da gaɓa domin ta tare laka da taki.

Masu unguwanni, kududdufin da ya rage a unguwa ku tsaya masa, kada a yanka shi fuloti.