Sankara ta ci mahaifiyata da yayata, in cire nonona?

Anti, sankarar mama ce ajalin mahaifiyata da yayata. An ce in cire nonona kafin ta kama ni. Ina mafita?
Wata 'yar'uwa, Agwada

Ƙanwata, Allah ya jiƙansu. Tsoronki na kan hanya, amma kada ki yi gaggawa. Je ki asibitin FMC Keffi, ki faɗa wa likita shekarun da cutar ta same su, ki nemi gwajin gadon BRCA1 da BRCA2. In gwajin ya nuna kin gada, tiyatar cire nonon na rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari, sai dai babu shayarwa bayanta. Akwai kuma zaɓin hoton mama kowace shekara. In kin ji ƙullutu, kada ki shafa masa magani a gida, garzaya asibiti. Allah ya ba ki lafiya.