Dokokin Hana Binne Shara Mai Guba

Shara mai guba ita ce duk abin da masana'antu suka zubar wanda zai iya kamawa da wuta, ko ya fashe, ko ya ci ƙarfe, ko kuma yana ɗauke da dafi irin su dalma da zaiba. Illar binne ta kuwa ita ce, idan ruwan sama ya ratsa ramin yakan jiƙa sharar, ya kwashi dafin ya gangara da shi har cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, inda rijiyoyi suke samun ruwansu. Mutanen Amurka sun ga haka a unguwar Love Canal ta jihar New York, inda kamfanin Hooker ya binne kimanin tan 21,000 na sinadarai, daga baya aka gina makaranta da gidaje a wurin, har sai da aka kwashe mazauna a 1978.

A 1984 majalisar dokokin ƙasar ta yi wa dokar shara ta 1976 gyara, ta hana a binne irin wannan shara sai an fara kashe kaifinta, ko dai a ƙone ta a tanderu na musamman, ko a cakuɗa ta da siminti don dafin ya daskare, gwargwadon ma'aunin da hukumar kare muhalli ta gindaya. A ƙa'idojin hukumar, sashen da ya fi nuna hangen nesa shi ne wanda ya haramta sirki, wato a tsarma sharar da ruwa ko ƙasa don ta tsallake awo, domin mai yin haka bai rage dafin ko kaɗan ba, baza shi kawai ya yi. An kuma hana jibge ta da sunan ajiya, kuma wanda ya riƙe ta fiye da shekara guda dole ya kawo hujja.

Sai dai tsananta doka a ƙasashe masu masana'antu ya sa kuɗin zubar da shara ya hau, marasa tsoron Allah suka juyo Afirka. A 1988 aka gano dubban ganguna daga Italiya jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yau a Najeriya. Gwamnatin soja ta tilasta aka kwashe su, ta kuma kafa doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai wannan laifi, sannan a 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako wadda ta hana shigo da irin wannan shara nahiyar.