Ciwon Afendis: Abin da Awon Jini Yake Gaya wa Likita

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu, musamman na ƙasar Wudil, da yake maganarsu ce ake ji a ƙauye.

A cikin kowane mutum akwai wani ɗan hanji mai kamar yatsa, maƙale da babban hanji, ƙasa da cibiya ta wajen dama. Likitoci suna ce da shi afendis. Wani lokaci bakinsa yakan toshe, ya kumbura, ya tara mugunya. Ciwon yakan faro daga cibiya, sa'an nan ya gangara dama ya tsaya, ga tashin zuciya, ga zazzaɓi, abinci kuma ya fita kai. Wani likitan Amurka, Reginald Fitz, shi ya bayyana cutar sosai a 1886, ya kuma ce a riƙa cire shi da wuri.

Abin da likita yake so ya sani kafin fiɗa shi ne, ya fashe ko bai fashe ba? Idan bai fashe ba aikin ƙarami ne, galibi kwana biyu ko uku a sallami mutum. Idan kuwa ya fashe, mugunya ta bazu cikin ciki, sai an buɗe an wanke, wurin ɗinki yana iya ruɓewa, jinya ta yi tsawo, wani ma ya rasa ransa. To, a nan ne awon jini yake da amfani.

Na farko, akan ƙidaya fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki. Na mai lafiya sukan kama daga 4,000 zuwa 11,000 a ma'aunin da ake yi da shi. Cuta ta shigo, sai su ƙaru. Su ma iri-iri ne: akwai masu fita gaba da zarar an kawo hari, akwai masu biyo baya. Likita yakan gwada yawan waɗannan da na waɗancan, in na gaban sun rinjaya ƙwarai, sai ya kyautata zaton abin ya yi nisa.

Sa'an nan akwai wani sinadari da hanta take zubawa cikin jini in kumburi ya tashi, ana ce masa CRP. An gano shi a Amurka a 1930. Shi ba shi da gaggawa: sai bayan sa'a shida zuwa goma sha biyu yake fara hawa, ya kai ƙarshen hawansa wajen kwana biyu. Saboda haka in an same shi da yawa ƙwarai ga mai ciwon ciki ta dama, alama ce afendis ya ruɓe ko ya fashe. Sai likita ya shirya babban aiki, ya sa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya kuma gaya wa dangi gaskiya tun da wuri.

Amma fa a lura. Awon nan ba duba ba ne. Wanda aka kawo da sassafen ciwo, jininsa yana iya fitowa kamar na mai lafiya, alhali cutar tana nan. Zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP, taifot kuwa takan huda hanji ba tare da fararen ƙwayoyi sun ƙaru ba. Don haka ne likita yake haɗa awon da taɓa ciki da hannu, da hoton ciki, wani lokaci ya kwantar da mutum a sake awon bayan 'yan sa'o'i. Kada dangi su ɗauka wulakanci ne, su ɗauke majinyacinsu su tafi.

Haɗarin fashewa yana ƙaruwa bayan kamar kwana ɗaya da rabi da fara ciwo. Abin takaici, sau da yawa kwanakin nan a gida suke ƙarewa, ana jiƙe-jiƙen shawara da basir, ko ana jiran motar da za ta shiga kasuwar Wudil ran Juma'a.

Lalle ne hakimi ya sanar da dagatai da masu unguwanni cewa mai irin wannan ciwo kada a ba shi maganin gudawa, kada a yi masa ƙaho ko sakiya, kada kuma a cika masa ciki da abinci. A kai shi Babban Asibitin Wudil ran nan, in sun ga ya fi ƙarfinsu za su tura shi Kano. Malamin hakimi ya rubuta lokacin da ciwon ya fara da magungunan da aka sha, domin da wannan ne likita zai fassara awon. A tafi da wanda zai sa hannu a takardar fiɗa, da ɗan'uwa ɗaya ko biyu masu iya ba da jini.