Jariri a Gida Mai Taya

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da ba su da gida irin wanda aka saba gani, mai tushe a ƙasa. Nasu gidan bisa tayoyi yake. Ran da suka ga dama su tashi, sai su kulle ƙofa, su ta da inji, gida ya kama hanya da su da kayansu duka. Waɗansunsu tsofaffi ne da suka huta da aiki, suna so su ga ƙasarsu. Waɗansu ma'aikata ne da ake ɗauka na 'yan watanni, kamar masu shimfiɗa bututun mai da masu jinya a asibiti, yau suna nan, gobe suna can. Waɗansu kuwa tsadar haya ce ta kore su daga birni. A cikinsu har da ma'aurata masu goyo, su ne kuwa zamansu ya fi na kowa wuya.

Gidajen nan iri biyu ne. Akwai mai injin kansa, kamanninsa kamar na bas, direba yana gaba, ɗakuna suna bayansa. Akwai kuma wanda ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan wata mota ta ja shi, kamar yadda shanu ke jan amalanke. Wani mutum mai suna Wally Byam ya yi suna wajen ƙera irin na jan nan a jihar Kalifoniya. Cikin 1936 ya fito da wani mai jikin alminiyom, watau farin ƙarfen nan marar nauyi da ake jikin jirgin sama da shi, sunan kamfaninsa kuwa Airstream. Wani kamfani kuma, Winnebago, ya fara ƙera masu inji cikin 1966 a jihar Ayowa. Yau mafi yawan gidajen nan a jihar Indiyana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa.

Faɗin irin wannan gida kamar mita 2 da rabi ne, taku uku ya ƙare shi. Tsawonsa kuwa yakan kama daga mita 6 zuwa 13. Duk da wannan ƙanƙanta, a ciki akwai gado, da 'yar madafa mai murhun gas, da firiji, da makewayi, da tebur wanda akan naɗe da dare ya zama gado. Kowane abu da ma'ajiyarsa, kowace ma'ajiya da sakatarta, domin abin da ba a kulle ba zai faɗo da zarar mota ta faɗa rami.

To, in aka sami ƙaruwa, abin da iyaye za su fara nema shi ne makwancin jariri. Tun 1994 likitocin Amurka suke ta gargaɗin iyaye su riƙa kwantar da jariri rigingine, bisa katifa mai tauri, a ɗan gadonsa shi kaɗai, ba matashi, ba bargo mai nauyi, don kada wani abu ya toshe masa numfashi. Amma ina za a sa gado a ɗakin da ba masaka tsinke? Tilas wani abu ya fita. Waɗansu sukan ɓalle tebur, waɗansu kujera, su sa ɗan gadon a gurbinsa, nesa da murhu, ba kuma a ƙarƙashin kanta ba. Haka kuma sauran kaya. Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, saboda haka in rigunan jariri suka shigo, sai waɗansu na uwa ko na uba su fita.

Wannan gado na lokacin da aka tsaya ne kaɗai. In mota tana tafiya, ba a barin jariri a gado, ba a goya shi, ba a kuma riƙe shi a cinya. Tun 1985 kowace jiha cikin jihohin Amurka 50 tana da dokar da ta tilasta a zaunar da ƙaramin yaro cikin wata kujera ta musamman, mai ɗamara, wadda ake ɗaurewa a jikin kujerar mota. Ta jariri baya take fuskanta. Dalili kuwa, kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. In aka taka birki farat ɗaya, bayan kujerar ne zai tare masa kai da wuya gaba ɗaya. A gidan da ake ja, jariri yana cikin motar da ke jan, tare da iyayensa. A mai inji kuwa, kujerun ɗaki da yawa gefe suke fuskanta, ba su dace da kujerar jariri ba. Don haka wata uwar takan bi gidan a baya cikin ƙaramar mota, ita da ɗanta.

Har wa yau masana suna ba da shawara kada jariri ya wuce kamar awa 2 a kujerar nan ba a ɗauke shi ba. Sai a ratse, a ba shi mama, a sake masa ƙunzugu, ya miƙe jikinsa, sa'an nan a ci gaba. Daga birnin New York a gabas zuwa Los Angeles a yamma wajen kilomita 4,500 ne, watau ya fi nisan Kano zuwa Legas sau huɗu. Direba shi kaɗai yana iya cinye wannan hanya cikin kwana biyar ko shida. Mai goyo kuwa sai ya yi makonni. Hausawa sun ce, tafiya sannu sannu kwana nesa.

Sai maganar ruwa. A ƙarƙashin gidan akwai tankuna uku: ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na makewayi. Matsakaicin tanki yakan ci kamar lita 150, watau wajen garwa 8. Da wannan za a sha, a dafa abinci, a yi wanka, a wanke kwanuka. Jariri kuwa, ƙanƙantarsa ba ta hana shi cin ruwa mai yawa ba, gama ana wanke shi ana wanke tufafinsa kullum. Shi ya sa iyaye suke lissafin ruwa kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafin kuɗi. Uwar da ke shayarwa ta huta da rabin wannan wahala, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa kaɗai ya ishi jariri har wata 6. Wadda ke dama madarar gwangwani kuwa, sai ta tafasa ruwa, ta kuma tafasa kwalabe.

In ruwa ya ƙare, ko tankunan dauɗa suka cika, sai a nufi zango. Zangon nan fili ne da aka keɓe domin irin waɗannan gidaje, kamar yadda fataken dā suke da nasu zangon a bakin gari. Akwai famfo, da wutar lantarki, da ramin zubar da dauɗa, sau da yawa har da injunan wanki. Kowane dare da kuɗinsa. A yammacin ƙasar akwai dazuzzuka da hamada na gwamnati, inda mutum zai sauka kyauta, galibi har kwana 14 a wuri guda. Amma can ba famfo, ba lantarki sai wadda faifan sola ya tara a batir, asibiti kuma yana da nisa. Mai jariri yakan yi tunani sau biyu kafin ya yi nisa da gari.

Bangon gidan nan siriri ne, ba ya tare zafi ko sanyi kamar bangon ƙasa. Jikin jariri kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ya fi shi saurin yin sanyi. Saboda haka mutanen nan suna bin lokutan shekara, kamar yadda Fulani makiyaya ke yin kudu da rani, su komo arewa da damina. In hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe jihohin arewa, sai su gangara kudu. Akwai wani ɗan gari a hamadar Arizona mai suna Quartzsite, inda dubban gidaje masu taya ke taruwa cikin watan Janairu. In zafi ya matso, sai su watse, su yi arewa ko su hau duwatsu.

Ran da sanyi ya tarar da su, da gas suke ɗumama ɗaki, a nan kuwa akwai hatsari. Wutar da ba ta ci sosai ba tana fitar da wata muguwar iska wadda ba ta da launi, ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Don haka ake liƙa wata 'yar na'ura a bango, wadda ke yin ƙara in iskar nan ta taru. Da rana kuma, ko na minti kaɗan, ba a barin jariri shi kaɗai a rufe, gama motar da ke cikin rana takan yi zafi kamar tanda.

Akwai kuma allurar rigakafi. A Amurka ana yi wa jariri allurai yana da wata 2, da wata 4, da wata 6, domin tsare shi daga cututtuka kamar shan inna da tarin shiƙa. Mazaunin gari asibitinsa ɗaya ne, likita ya san ɗansa. Matafiyi kuwa sai ya adana katin yaron da kyau, ya kuma tsara tafiyarsa yadda ranar allura za ta same shi kusa da asibiti. Hukuma ma tana bukatar adireshi kafin ta ba da lasin ko takardar inshora. Cikin 1978 wani mutum mai suna Joe Peterson da matarsa Kay suka kafa ƙungiyar matafiya mai suna Escapees. Ofishinta na garin Livingston a jihar Tekzas yana karɓa wa 'yan ƙungiya wasiƙunsu, ya aika musu duk inda suka sauka.

Abu ɗaya ne ba a iya sayensa a zango, shi ne dangi. Ba kaka kusa da za ta karɓi yaro uwa ta runtsa, ba maƙwabciyar da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare in zazzaɓi ya tashi. Ana gaisawa ta waya, har a ga juna, amma waya ba ta goyo. Ribar da suke samu ita ce, uba da uwa suna tare da ɗansu dare da rana, aikin reno kuma a kansu su biyu yake. In yaro ya fara rarrafe, sai a sa ɗan shinge a bakin ƙofa, domin matakalar tana da tsayi, waje kuma motoci ne ke wucewa. A wannan lokaci waɗansu iyaye sukan sayar da gidan su zauna wuri ɗaya. Waɗansu kuwa sukan ci gaba, in yaro ya isa karatu su koyar da shi da kansu.

Abin lura a nan shi ne, jaririn da ke cikin gida mai taya bukatunsa ɗaya ne da na wanda ke cikin soro ko bukka: nono, da tsabta, da ɗumi, da rigakafi, da idon babba a kansa. Iyayen da suka ci nasarar wannan zama su ne waɗanda suka bar mafi ƙanƙanta a gidan ya zama madugu. In ya gaji a tsaya, in ya huta a tashi.

Tambayoyi

1. Gidaje masu taya iri nawa ne? Mene ne bambancinsu?
2. Don me kujerar jariri take fuskantar baya?
3. Faɗi amfanin kowanne daga cikin tankunan nan uku.
4. Ta wace hanya masu gida mai taya suka yi kama da Fulani makiyaya?
5. Me ya sa bai kamata a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ba?
6. Tanki yana cin lita 150. In iyali suna amfani da lita 30 kullum, kwana nawa za su yi kafin su nemi zango?