Kafin ku tambayi na'ura labarin bukukuwan duniya

In za ku tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira labarin wani biki, ku matsa mata: a wace ƙasa, me ake ci, me ake yi da hannu? Ku gwada da Nowruz, sabuwar shekarar Iran, wajen 21 ga Maris. Ana jera abubuwa bakwai da sunansu ya fara da harafin "s" a Farisanci, har da tuffa, tafarnuwa da tsiron alkama a faranti. Rana ta 13 iyalai su fita shan iska, a jefa tsiron cikin ruwa mai gudu.

Sai dai ku kula da ranaku. Bukukuwan da ke bin wata, kamar sabuwar shekarar Sin, suna sauyawa duk shekara, kuma na'urar takan ruɗe a nan. Ku duba kalanda.