Darasin Fiƙihu: Rinin Gashi ga Dattijan Mata Masu Fita Bainar Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya ƙuruciya da tsufa su zama aya ga masu hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wata tambaya ta yawaita daga masallatanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ita ce: shin ya dace mace mai shekaru, wadda jama'a ke gani a talabijin ko a wurin taro, ta rina gashinta da baƙon launi, kamar shuɗi ko kore ko ruwan hoda? Tambayar tana da dalili. Tun ranar 13 ga Mayu 1991 da mata suka yi jerin gwano a Yamai suna neman gurbi cikin shirin babban taron ƙasa, da kuma dokar shekarar 2000 wadda ta ware musu kaso cikin muƙamai, iyayenmu mata sun yawaita a gaban jama'a. Ga kuma hajiyoyi ƴan kasuwa, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyi, waɗanda hotunansu ke yawo cikin wayoyi. Masu tambayar sun kasu biyu: akwai mai son sanin hukunci, akwai mai neman mu ba shi bulalar da zai daki wata. Amsar ta na farko ce.

Asalin rina furfura abu ne da shari'a ta zo da shi. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a canza wannan farin, a kuma nisanci baƙi. A ruwayar Abu Zarri, wadda ke wurin Abu Dawuda da Tirmizi, an ambaci lalle da katamu a matsayin mafi kyawun abin da ake canza furfura da shi. Katamu wani tsiro ne na ƙasar Yaman, idan an haɗa shi da lalle yana ba da launi tsakanin ja da baƙi. Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa Abubakar yana rini da lalle da katamu, Umar kuwa da lalle zalla. Wanda ya taɓa ganin furfurar da ta sha lalle zalla ya san launinta: ja ce jawur, mai ɗaukar ido daga nesa. Saboda haka kada wani ya ce kowane launi mai haske bidi'a ne, alhali Umar ya yi ja. A cikin Muwaɗɗa ma an ruwaito cewa Nana A'isha ta aika baiwarta Nuhaila wurin Abdurrahmani ɗan Aswad tana matsa masa ya rina furfurarsa, ya kuwa fito wa abokansa da ita ja, suka ce hakan ya fi kyau. Malamai ba su keɓe maza da wannan rangwame ba, mace ma tana cikinsa, kuma ita ce ta fi cancantar ado.

Inda saɓani yake shi ne baƙi wuluk. Imamu Malik ya bayyana cewa bai ji wani abu tabbatacce a kansa ba, sai dai sauran launuka sun fi soyuwa gare shi, kuma barin rini gaba ɗaya babu ƙunci cikinsa. A kan haka Ibnu Abi Zaidi, wanda ya rasu shekara ta 386, ya tafi a Risala, littafin da muka sani a zaurukanmu: baƙi makaruhi ne, bai kai haram ba. Imamu Nawawi daga Shafi'awa ya rinjayar da haramci, Is'haƙu ɗan Rahawaihi kuma ya yi rangwame ga mace mai yi wa mijinta ado. Abin lura a nan, launin da mutanenmu ba su ganin aibinsa, wato baƙi, shi ne wanda aka yi magana a kansa a hadisi. Shuɗi da kore babu nassi a kansu da sunansu. Idan kuwa bazawara ta rufe furfurarta da baƙi domin mai neman aurenta ya zaci yarinya ce, wannan algus ne, kuma algus haram ne ba tare da saɓani ba.

To, tun da babu nassi a kan shuɗi da kore, da me za a auna su? Da al'adar mutanen kirki na gari, da kuma niyyar mai yi. Mu tuna kakanninmu mata a ƙasar Hausa suna shafa shuni a kitso, kai ya yi shuɗi-shuɗi yana ƙyalli, har ya rina kallabi da wuyan riga, kuma ana ɗaukar hakan ado na matar kirki. Jikanyar da ta ga haka yau dariya za ta yi. Launin bai sake ba, al'ada ce ta sake. Abin da shari'a ta tsananta a kansa shi ne neman shuhura, wato mutum ya yi shigar da za ta sa a dinga nuna shi da yatsa. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Umar gargaɗi mai tsanani cewa mai tufafin shuhura za a tufatar da shi da ƙasƙanci ranar alƙiyama. Malamai sun ce shuhura tana shiga cikin tsadar kaya, tana shiga cikin tsummokaran mai riya, kuma muna ganin tana shiga cikin launin gashi. Dattijuwar da ta mayar da kanta kore domin a yi maganarta a gari, ko domin kwaikwayon wata mawaƙiyar Amurka da aka sani da fitsara, ta faɗa cikin wannan. Wadda kuwa ta yi cikin ɗakinta domin mijinta yana so, ba mu da hujjar da za mu haramta mata, ko tana da shekara 30 ko tana da 65.

Sai mu zo ga maganar fita bainar jama'a, kuma a nan ne masu tambaya suka bar jaki suna dukan taiki. Gashin mace al'aura ne ga wanda ba muharraminta ba, fari ne ko baƙi ko shuɗi. Aya ta 31 cikin Suratun Nur ta yi umurni da lulluɓi, ta kuma lissafa waɗanda ake bayyana wa ado. Macen da ta rufe kanta a ofis ko a gaban na'urar ɗaukar hoto, babu wanda ya san launin da ke ƙarƙashin mayafinta, babu kuma wanda aka ɗora wa bincikawa. Aya ta 60 cikin surar ta sassauta wa tsofaffin mata waɗanda suka daina tsammanin aure, cewa babu laifi su ajiye tufafinsu na waje, bisa sharaɗin kada su fito da ado, kuma kamewa ta fi musu alheri. Ku duba, tsufa sassauci ya kawo mata, bai ƙara mata nauyi ba. Amma sharaɗin yana nan: tsohuwar da ta sassauta lulluɓi saboda shekaru, sannan ta rina abin da ya bayyana da launi mai kiran ido, ta mayar da shi ado, rangwamen ya faɗi.

Muna jan kunnen maza, musamman matasa masu zaman majalisa bayan la'asar. Idan kun ga wata dattijuwa ta kuskure, ba a ba ku izinin yaɗa hotonta ana dariya ba, ko kiranta tsohuwar banza. Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana giba, kuma waɗannan haramcinsu ya fi na rini bayyana nesa ba kusa ba. Sa'ar mahaifiyar wani ce. Nasiha tana da ƙofa: mijinta, ko ɗanta, ko malama mace da za ta same ta a keɓe. Kuma mu maza mu duba kanmu, domin da yawa cikinmu suna shafe gemu da baƙin rini ranar da za su je neman ƙaramar yarinya.

Sau da yawa launin da ake gani ba rini ba ne, gashin doki ne ko na roba da aka ƙara a kitso. Wannan hukuncinsa daban. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u ɗiyar Abubakar cewa wata mata ta nemi izinin ƙara wa ɗiyarta amarya gashi, bayan ciwo ya zubar da nata, ba a ba ta izini ba, aka kuma ambaci la'ana ga mai ƙari da wadda ake ƙara wa. Mazhabarmu ta tsananta a nan. Haka nan cire furfura ɗaya bayan ɗaya an hana shi, domin an siffanta ta da hasken Musulmi.

Game da tsarki, rinin da ya bar launi kawai bayan an wanke ba ya hana alwala ko wanka. Wanda ya daskare a kan gashi kamar fenti, yana hana ruwa isa, dole a kawar da shi. Haka ƙullin lalle da ke kan kai, ba a shafa a bisansa a mazhabar Malik sai an cire.

Akwai kuma lafiyar jiki, wadda amana ce. Shuɗi da kore ba su kama baƙin gashi sai an fara ƙone launinsa na asali da sinadari mai ƙarfi, kuma gashin tsufa ba ya jure wannan, yana karyewa. Mafi yawan baƙin rini na kanti da abin da ake kira baƙin lalle suna ɗauke da wani sinadari da likitoci ke kira PPD, mai kawo ƙaiƙayi da kumburin fuska ga wasu. Likitocin Sudan sun rubuta yadda ya toshe maƙogwaro ya kashe ƙoda ga waɗanda ya shiga jikinsu da yawa. Mai son amfani da shi ta ɗiga kaɗan a bayan kunne, ta jira kwana 2 ta gani. Idan ya tabbata yana cutar da ita, ya haramta gare ta saboda cutar, ko da launinsa halal ne. Lallenmu na gida bai da wannan sinadari.

Mai takaba kuwa, wata 4 da kwana 10, ba ta rini da komai, ko da lalle ne, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Salama, sai idan ta fita. Mai iddar saki na kome ba ta cikin wannan hani.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.